Ɗana zai shiga National Guard a Amurka, wai ba a tura su yaƙi: gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana zaune a jihar Ohio da katin zama na dindindin, kuma ya dage sai ya shiga sojan National Guard don ya samu sauƙin kuɗin makaranta. Ya ce mini aikin Asabar da Lahadi ne sau ɗaya a wata, wai sojan gwamna ne, iyakarsu ambaliya da gobara, ba sa fita ƙasar. Wata mai zuwa zai sa hannu. Wallahi barci ya gagare ni. Don Allah gaskiya ya faɗa mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, maganar Asabar da Lahadi gaskiya ce. Maganar ba sa fita ƙasar kuwa ba gaskiya ba ce, kuma gara ya ji haka yanzu kafin ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa.

A lokacin zaman lafiya ga yadda aikin yake. Zai fara da horon farko na mako 10, iri ɗaya da na cikakken soja, sannan horon sana'ar da aka ba shi. Bayan nan sai atisayen kwana 2 a wata da kamar kwana 15 a shekara. Kowane ƙarshen mako ana lissafa shi zama 4 ne, kuma kowane zama ana biyansa albashin kwana guda. Wanda ya tara fashin zama 9 ba uzuri cikin shekara ana iya sallamarsa, a kuma nemi ya mayar da kuɗin garaɓasar da ya karɓa. Wa'adin da doka ta ɗora masa shekara 8 ne. Galibi shekara 6 yana zuwa atisaye, 2 sunansa na cikin jerin waɗanda ake iya kira.

Rundunar ta girmi Amurka kanta. Ana ƙirga haihuwarta daga 13 ga Disamba 1636, ranar da mahukuntan Massachusetts suka tsara mayaƙan garuruwansu zuwa runduna uku. Yau kowace jiha cikin 50 tana da tata, haka birnin Washington da Puerto Rico da Guam da tsibiran Virgin, jimilla 54, da dakaru sama da 400,000. Kuma haƙiƙa suna aikin ceto: kimanin 50,000 aka tura bayan guguwar Katrina a 2005.

Amma wannan zance na "sojan gwamna ne" shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai an maimaita shi, a majalisa, a WhatsApp, a bakin masu cewa sun san Amurka ciki da bai alhali ba su taɓa buɗe takardar shiga soja ba. Tun 1903 gwamnatin tarayya ta ƙara zuba kuɗi da makamai a rundunonin jihohi, ita kuma tana shimfiɗa musu sharuɗɗa. Dokar 1916 ta ƙara ɗaure su. Gyaran 1933 ya gama magana: duk wanda ya shiga, ya shiga rundunar jiharsa, kuma a lokaci guda ya shiga sojan ko-ta-kwana na tarayya. Rantsuwarsa ma ta ambaci biyayya ga shugaban ƙasa da gwamna duka biyu.

Shi ya sa sojan yake da matsayi uku. Akwai aikin jiha zalla, gwamna ke ba da umarni, jiha ke biya. Akwai na Babi na 32 na dokokin tarayya, umarni na gwamna, kuɗi na tarayya. Sai na Babi na 10, inda gwamna ba shi da ta cewa, ɗanki ya zama cikakken sojan Amurka, a tura shi duk inda aka ga dama. Idan shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci, doka ta ba shi damar riƙe su har wata 24 a jere.

Gwamna zai iya hanawa? An gwada. Gwamnan Minnesota, Rudy Perpich, ya kai ƙara don kada a tura dakarun jiharsa atisaye a Amurka ta Tsakiya ba da yardarsa ba. A 1990 Kotun Ƙoli, baki ɗayan alƙalanta, ta ce ba shi da wannan iko. Tun kafin nan ma, a 1957, gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarunsa su tare ɗalibai baƙaƙen fata 9 a ƙofar makaranta a Little Rock, sai Shugaba Eisenhower ya ƙwace rundunar daga hannunsa ya mayar da ita ƙarƙashin tarayya.

Jita-jitar tana da tushe, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Lokacin yaƙin Biyetnam, Shugaba Johnson bai kira yawancinsu ba, har samari suka riƙa rububin shiga don tsira daga tilasta musu zuwa fagen daga. Wancan zamani ya wuce. Daga 1973 aka sake tsari yadda sojan Amurka ba zai iya babban yaƙi ba sai da su. A 2005 kusan rabin birged-birged ɗin faɗa da ke Iraƙi na National Guard ne. An tura su Afghanistan, an tura su Kosovo, wasu sun dawo cikin akwati. Wanda ya gaya wa yaro ɗan shekara ashirin cewa wannan aikin kwashe mutane daga ruwa ne kawai, ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. Aikin cikin gida ma ba wasa ba ne. A jihar da ɗanki yake, ranar 4 ga Mayu 1970, dakarun suka harbe ɗalibai 4 har lahira a jami'ar Kent State. Sojan yana iya tsintar kansa riƙe da bindiga a gaban maƙwabtansa.

Wata rundunar dabam ake rikitawa da wannan. Wasu jihohi, irin su Texas da New York, suna da dakarun tsaron jiha nasu na kansu, waɗanda tarayya ba ta da ikon kira a matsayin runduna. Su ne na gwamna zalla, amma yawanci ba a biyansu kuɗin atisaye, kuma ba su da alfanun sojan tarayya da ɗanki yake hange.

Ban ce ki hana shi ba, Hajiya. Aiki ne mai mutunci, tallafin karatun ma na gaske ne, sai dai ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kafin ya sa hannu, ya karɓi takardar yarjejeniyar, fom DD 4, ya karanta a gida a natse. Duk alkawarin da mai ɗaukar soja ya yi da baki, na garaɓasa ne ko na sana'a, in ba ya rubuce a ciki to babu shi. Ya tambayi sunan rukunin da za a sa shi, da shekarar da aka tura su waje na ƙarshe, da lokacin da ake sa ran na gaba. Idan yana aiki, dokar 1994 ta tilasta wa mai gidansa mayar da shi in ya dawo, muddin ya sanar kafin tafiya, kuma in tafiyar ta haura kwana 180 ya nemi komawa cikin kwana 90.