Sautin jitar Master of Reality: ka fara da ɗaurin tsirkiya

A ce kana kaɗa waƙar "Into the Void" daidai, amma jitarka ba ta yin nauyin da ke cikin albam ɗin Master of Reality na ƙungiyar mawaƙan rock ta Black Sabbath. Laifin ba na amfilifaya ba ne, na ɗaurin tsirkiya ne. A wasu waƙoƙin wannan albam na 1971, har da "Into the Void", mai kaɗa jitar ƙungiyar, Tony Iommi, ya sassauta tsirkiyoyinsa duka da mataki ɗaya da rabi, wato babbar tsirkiya ta sauko daga E zuwa C#, kuma mai kaɗa jitar bas, Geezer Butler, ya sauke bas ɗinsa haka. Iommi ya rasa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham, tsirkiya mai sako-sako ta fi masa sauƙin dannawa. Wannan kaurin murya shi ƙungiyoyi irin su Sleep da Electric Wizard suka gada, suka gina salon doom da stoner, wato nau'o'in kiɗan rock masu nauyi, a kai.

Sai dai kada ka sassauta tsirkiya mai lamba 9 (lambar kaurinta, 9 siririya ce) kawai ka ce an gama. Za ta yi laushi, ta riƙa dukan ƙarafan wuyan jita tana zizara, kuma da ka danna da ƙarfi sautin ya haura. Iommi sirara yake sawa saboda yatsunsa, kai ba dole. Sa saiti mai lamba 11 ko 12, ka duba lanƙwasar wuyan, sannan ka daidaita gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, har sautin gaɓa ta 12 a wuyan ya zo daidai. Ka kuma rage distoshan, wato kaushin sautin da amfilifaya ke ƙarawa, don idan ya yi yawa a C# komai cakuɗewa yake.