Jirginsa Ya Kife Da Kayan Mutane, Ya Ce Ƙaddara Ce

Tambaya: Malam, yayana yana tuƙa jirgin ruwa a Yawuri. Ran kasuwa ya lafta buhunan shinkafa fiye da ƙima, yaransa suka ce a rage, ya ce shi ba zai yi sawu biyu ba. Jirgin ya kife, ba a rasa rai ba amma kaya sun tafi. Yanzu ya ce ba zai biya ba, haka Allah Ya rubuta. Ni ma kaina ya ɗaure: in komai a rubuce yake, ina zaɓin mutum?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri. Imani da ƙaddara wajibi ne, babu saɓani. Amma hukuncin yana cikin maganarka cewa an ce ya rage ya ƙi. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce mai jirgi ba ya lamuni, kuma ba shi da kuɗin dako sai ya kai kaya. Wannan ga wanda ya yi lodi daidai ne, iska ta taso ta rinjaye shi. Wanda ya wuce ƙima da saninsa ya yi ta'adi, biya ya hau kansa.

Maganar yayanka tsohuwa ce, ita ce ta Jabariyya mabiya Jahmu ɗan Safwan, masu cewa bawa tilasta shi ake yi. Ɓatacciya ce. Mushrikai sun ce da Allah Ya so da ba su yi shirka ba, Allah Ya ƙaryata su a Suratul An'am, aya ta 148. Kai ma ka san hannun da zazzaɓi ke kaɗawa daban yake da hannun da ya ɗora buhu na ƙarshe. Allah ne Ya halicci duka biyun, amma na biyun da nufin mai shi ya motsa, a kansa ake hisabi. Kuma lokacin da yake lodin ai bai leƙa Lauhul Mahfuzu ba, kuɗin sawu yake lissafawa. Masu kafa hujja da jayayyar Annabi Adamu da Annabi Musa (AS), inda Musa ya zargi Adamu shi kuma ya amsa da cewa an ƙaddara masa, sun manta Adamu ya riga ya tuba an karɓa, kuma kan musibar fita Aljanna ya ambaci ƙaddara. Ka tambayi yayan naka: da ɓarawo ya kwance masa inji da dare ya ce ƙaddara ce, zai ƙyale shi?

Kai kuma ɗana, kada ka je masa da gori, mutumin da ya rasa jirgi a raunane yake. Ka samu dattawan bakin ruwa a zauna da masu shinkafar, a ƙiyasta asara, a yi masa sassauci ko ya biya kaɗan-kaɗan. In sun yafe, sun yi sadaka. Ya gode Allah buhuna ne. Mutanen Warra ta jihar Kebbi ba su manta da rayukan da suka salwanta a hatsarin jirgin ruwa na 2021 ba. In ya koma ruwa ya daina tafiyar dare, ya tanadi rigunan kariya. Waswasin nan naka kuma kada ka yi ta tona shi kai kaɗai, ka zauna gaban malamin tauhidi. Wallahu a'alam.