Me ya sa ƙananan igiyoyin teku ke ɓace mana a ranar da ake rana?

Ɗana, ka ce ranar da gari ya yi haske tangararan kyamarori biyun da muke auna igiyoyin teku da su sun ɗauki hotuna garau, amma da kwamfuta ta zo fitar da tudu da kwarin ƙananan igiyoyin, sai giɓi ko'ina a cikin awon. Kyamarorin lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wajen ruwan.

Duk aikin nan ya rataya ne a kan abu guda: kyamarar dama da ta hagu su ga wuri ɗaya tak a kan ruwa, kwamfuta ta auna yadda wurin ya gusa tsakanin hotunan biyu, ta haɗa da tazarar kyamarorin ta fitar da nisa. To amma ruwa madubi ne. Ƙyallin da kyamarar dama ta gani a gefen wata igiya, ta hagu a wani gefe dabam take ganinsa, domin kowace da kusurwar da haske ke dawo mata. Sai kwamfuta ta haɗa ƙyalli da ƙyalli tana zaton wuri ɗaya ne, ta ba ka tsayin da babu shi. Shi ya sa na fi son ranar da gajimare ya rufe sama, haske ya bazu ko'ina, iska kuma ta ɗan yamutsa fuskar ruwan.

Ƙyallin ma ba abin zubarwa ba ne. Tun 1954 masana kimiyyar teku Cox da Munk suka wallafa yadda suka auna karkatar igiyoyi daga hotunan ƙyallin rana da aka ɗauka daga jirgin sama. Wannan karkata suka auna, mu tsayi muke nema.

Sai lokaci. Igiyar da tsawonta daga tudu zuwa tudu ya kai santimita 1.7 tana tafiyar kusan santimita 23 a daƙiƙa, kuma ita ce mafi jinkirin tafiya a cikinsu. Kyamara ɗaya ta makara da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, igiyar ta riga ta gusa fiye da milimita 2. Don haka waya ɗaya ce za ta tayar da su tare, kada ka yarda da agogon kowace.

Nisa kuwa ba ya yafiya: ka ninka shi biyu, kuskuren awo ya ninka huɗu. Faɗaɗa tazarar kyamarori yana rage wannan, amma yana ƙara saɓanin ƙyallin da muka fara da shi. In ƙananan kake so, ka matso kusa, ka haƙura da ƙaramin fili. Kuma duk ranar da aka taɓa ƙarfen da kyamarorin suke kai, ka sake daidaita su da allon nan mai gidaje baƙi da fari kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya.