Tambayoyin Masu Karatu: Naɗar Sauti da Samfula Kafin a Gyara a Kwamfuta

Tambaya: Ina haɗa kiɗa a wani ƙaramin sutudiyo a Zariya, kuma na sayi samfula ta hannu ƙirar Roland SP-404SX, wato na'urar da ke naɗar gajerun sautuka ta kunna su idan an taɓa maɓalli, domin in riƙa naɗar bugun kalangu ina kaiwa kwamfuta in gyara. Ina tura sautin ne ta waya, daga ramin hedifon na samfular zuwa ramin makirufo na kwamfutar. Duk abin da na naɗa sai in ji ya fashe, ga kuma wani ƙugi a ƙarƙashinsa wanda ba ya yankewa. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, fara da cire wannan waya, domin ita ce ta jawo maka rabin wahalar. Samfularka ta riga ta mayar da sautin zuwa lambobi tun lokacin da ka naɗa, tana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa da zurfin bit 16, wato daidai da ingancin faifan CD, sannan ta ajiye shi a katin SD. Idan ka kunna shi ya fita ta ramin hedifon ya shiga ramin makirufo, ka sake naɗa ke nan karo na biyu, kuma ta ƙofar da aka yi domin siginar makirufo mai rauni ƙwarai, wadda ba ta iya ɗaukar ƙarfin abin da ke fitowa daga samfula. Abin da ya dace shi ne ka kashe na'urar, ka zare katin, ka sa shi a kwamfuta, ka kwafi fayilolin sautin, waɗanda ake kira WAV, zuwa wata jaka ta daban. Kamfanin Roland yana da manhaja ta kyauta mai suna Wave Converter wadda aka yi domin wannan aiki. Kada ka yi gyara a kan katin kai tsaye, kada kuma ka sauya sunayen fayilolin da ke cikinsa, saboda da waɗannan sunaye na'urar take gane sautin da ke kan kowane maɓalli.

Idan ka kwafi fayil ɗin ta wannan hanya kuma har yanzu ka ji fashewar, to tun wurin naɗa ta auku, kuma a nan ne ya kamata ka fi mai da hankali. Na'urar dijital tana da iyakar da sauti ba ya wucewa, wadda ake rubutawa 0 dB (dB shi ne desibel, ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk abin da ya zarce ta ana datse kansa ne a watsar. Rage ƙara a kwamfuta ba ya dawo da abin da aka datse, sai dai ya ba ka fasasshen sauti marar ƙarfi. Kalangu kuwa yana cikin kayan kiɗan da suka fi yaudarar mai naɗa, domin farkon bugunsa yana zuwa da ƙarfi cikin ƙanƙanin lokacin da kunne bai gama lura da shi ba, sannan ya sauka nan da nan. Saboda haka ka roƙi makaɗin ya buga da iyakar ƙarfinsa kafin a fara, ka rage maɓallin shigar sauti har fitilar gargaɗi ta daina kamawa, ta yadda idan ka duba a kwamfuta za ka ga bugu mafi ƙarfi ya tsaya tsakanin desibel 6 zuwa 12 a ƙasa da iyakar. Masu farawa suna jin tsoron wannan rata, suna ganin kamar asara ce, alhali bit 16 yana ba da faɗin kusan desibel 96, kuma barin desibel 6 bai ci maka fiye da bit ɗaya ba.

Game da makirufo, SP-404SX ba ta bayar da wutar bolt 48 da yawancin makirufo masu kondensa suke bukata, don haka makirufo irin Shure SM57, wanda ba ya bukatar wannan wuta, ya fi dacewa da ita, kuma dama yana jure ƙarfin ganga. Ka ajiye shi kimanin taƙi ɗaya ko biyu daga fatar, a ɗan karkace, a ɗakin da ke da labule ko katifa, saboda amsa-kuwwar ɗakin siminti tana mannewa a jikin sautin, kuma fitar da ita daga baya yana da wuya matuƙa.

Ƙugin da kake ji kusan ko da yaushe na wutar lantarki ne. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan samfula da kwamfuta suna jone da wuta, sannan waya ta haɗa su, wannan juyi yana samun hanyar shiga cikin sautin. Gwajin mai sauƙi ne, tun da na'urarka tana aiki da batura shida ƙirar AA: ka cire ta daga wuta ka naɗa, ka saurara. Akwai matatar sauti a manhajojin gyaran sauti irin su Audacity da FL Studio da ke iya rage ƙugi, amma amon ƙasa na ganga yana maƙwabtaka da shi, don haka idan aka matsa wajen tacewa sai kalangun ya rame.

A wurin gyara, ka yanke shirun da ke gaban bugun har ya zama sautin yana tashi da zarar an taɓa maɓalli, kuma ka yi yankan a daidai inda zanen sautin ya ratsa layin tsakiya, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙas a farkon kowane bugu. Wutsiyar kuwa ka bar ta ta mutu da kanta. A ganina ma kada ka tsaya ga bugu ɗaya-ɗaya, domin maganar kalangu tana cikin matsa tsarkiya da sakinta ne, inda amo yake hawa ko sauka bayan an riga an buga, kuma sauya amon bugu guda da na'ura ba ya kwaikwayon wannan. Ka naɗi gajerun jimloli cikakku tare da bugun ɗaiɗaiku, ka adana su a WAV ba MP3 ba, kuma ku daidaita da makaɗin a kan haƙƙinsa tun kafin sautin ya shiga waƙar da za a sayar.

Tambaya: Na gaji tsohuwar samfula ƙirar Akai MPC2000XL mai amfani da faifan fulofi. Yaya zan kwashe sautukan da ke cikinta? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Fulofi yana ɗaukar megabait 1.44 ne kacal, wato kimanin daƙiƙa 16 na sauti mai layi ɗaya a ingancin CD, don haka kwasa da shi aiki ne na mai haƙuri. Masu irin wannan na'ura da yawa suna sauya mazaunin fulofin da wata ƙaramar na'ura mai kwaikwayonsa wadda ke karɓar filashi. Amma a nan shawarata ta saɓa da wadda na ba mai tambayar farko: idan kana da katin sauti na waje mai kyau, wato na'urar da ake jonawa da kwamfuta domin shigar da sauti, naɗa ta waya ba laifi ba ne, muddin ka haɗa daga manyan mafitun da ke bayan na'urar zuwa mashigar layi ta katin sautin, ba ramin makirufo ba. Dalili shi ne wani ɓangare na abin da ake so a tsofaffin samfuloli yana cikin yadda suke fitar da sautin ne. E-mu SP-1200 ta 1987 tana naɗa da bit 12, jimillar abin da take riƙewa kusan daƙiƙa goma ne, amma har yau masu kiɗan hip-hop a Amurka suna nemanta saboda kaushin da take ba ganga.

Tambaya: Na kai sautin da na naɗa wurin mai tace fim a Kano, sai ya fito da sauri kuma muryar ta yi siriri. Me ya jawo haka?

Amsa: Aikin bidiyo yana tafiya ne a kan awo 48,000 a daƙiƙa, naka kuwa an naɗe shi a kan 44,100. Idan manhaja ta karanta fayil ɗin ba tare da ta juya shi ba, sai ya ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, amonsa kuma ya hau. Ka buɗe kwafin fayil ɗin a Audacity, ka fitar da shi a kan 48,000 kafin ka miƙa masa, ka kuma rubuta wannan lamba a cikin sunan fayil ɗin domin kada a sake rikita shi da na asali.