Amsa kan hidimar da ke ƙin tashi a Raspberry Pi

Ka ce hidimarka, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, tana tsayawa da saƙon ƙarewar lokaci duk sanda ka kunna ƙaramar kwamfutarka ta Raspberry Pi. Dalilin shi ne systemd, tsarin da ke tayar da hidimomi a Linux, yana jiran daƙiƙa 90 ne kawai, idan hidimar ba ta sanar da cewa ta shirya ba, sai ya kashe ta. Kafin ka ƙara TimeoutStartSec, wato saitin tsawon wannan jira, ka duba layin Type, mai nuna nau'in hidimar, a fayil ɗinta, domin idan an rubuta notify, wato a jira sanarwar shiri daga manhajar, alhali manhajar ba ta aika wannan sanarwa, ko awa guda ka ba ta ba za ta wadatar ba. Idan layin Type daidai yake, ka gwada umarnin systemd-analyze blame, mai nuna tsawon lokacin da kowace hidima ta ɗauka kafin ta tashi; a ganina tsohon katin ajiya na SD marar sauri ne ya fi jawo irin wannan jinkiri.