Amsoshin Tambayoyinku: Daga Buhun Sitiyarik Zuwa Yanar da Ke Kan Ruwa

Tambayoyi huɗu na zaɓo wannan makon. Masu su ba sana'arsu ɗaya ba, amma kuɗinsu wuri ɗaya zai tafi, wato sinadaran maiƙo masu doguwar jela, waɗanda ke cikin kitse da man kaɗe da manja da man gyaɗa.

Tambaya: Ina haɗa man shafawa da sabulu a gida ina sayarwa. Mai shagon da nake sarin kaya ya nuna mini sitiyarik iri biyu, ɗaya a buhu ana aunawa da kilo, ɗaya a 'yar kwalba mai tsadar gaske, ya ce na kwalbar ne na asali. Wanne zan saya? Sannan ana cewa in riƙa sa setil alkohol, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da sunan ba. Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ki sayi na buhu, ki bar na kwalba wa masu ɗakin gwaji. Na buhun ba jabu ba ne. Gauraye ne na sinadarai biyu 'yan ɗaki ɗaya: sitiyarik, mai ƙwayoyin kabon 18 a jere, da falmitik, mai 16, galibi kusan rabi da rabi. Haka masu man shafawa a ko'ina suke amfani da shi. Tsantsar sitiyarik sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa, na buhu kuwa tun wajen digiri 55 zuwa 60 yake sakin jiki, ga sauƙin aiki, ga kauri mai laushi. In kina da ma'aunin zafi, ki narkar da cokali ɗaya a kan ruwan zafi ki duba. Ki kuma shinshina: mai kyau fari ne, warinsa kaɗan ne kamar na kyandir. Wanda ya yi rawaya ko yake warin tsohon mai, ki mayar wa mai shi.

Yana da kyau ki san abin da kike saya. Kowace ƙwayar wannan sinadari tana da kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar kuma ba ta shiri da shi, maiƙo take bi. Jelar sitiyarik miƙaƙƙiya ce, sai su jeru su matsu kamar tsinken tsintsiya a ɗaure, shi ya sa yake da tauri. Ɗan'uwansa oliyik shi ma kabon 18 gare shi, amma jelarsa ta lanƙwashe a tsakiya, ba sa iya matsuwa, sai ya zama ruwa. Man kaɗenmu mafi yawansa waɗannan biyun ne, kuma sitiyarik kaɗai yakan kai wajen kashi 40 cikin 100. To idan haɗinki akwai man kaɗe da yawa, kin riga kin sayi rabin kaurin da kike nema. Kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na sitiyarik ya ishe ki. In kika cika shi, man zai riƙa ja a fata yana barin farin sawu, masu saye su ce bai shiga jiki. Kada kuma ki dogara da shi kaɗai wajen riƙe ruwa da mai wuri ɗaya. Ba ya wannan aikin sai an haɗa shi da sinadarin alkali, irin sodar sabulu, don haka kakin da ke haɗa ruwa da mai yana nan a lissafinki.

Abin da ya fi dacewa ki tsananta tambaya a kai shi ne tushensa. Masanin Faransa Michel Chevreul, wanda ya fayyace waɗannan sinadarai a littafinsa na 1823, daga kalmar Girkanci mai nufin kitse ya ciro sunan, domin daga kitsen dabba ake samo shi. Yau ana yin mai yawa daga kwakwar manja a Malesiya da Indunusiya, ana kuma yi daga kitse, kuma ido ba ya bambance su. Ki duba jikin buhun, ki nemi takardar da ta zo da kayan wadda ta faɗi tushensa. Mai shagon da ba ya iya nuna ko ɗaya, ki canza shago.

Shi kuwa setil alkohol, farin kaki ne mai kabon 16, yana narkewa wajen digiri 49. Ba a shan sa, ba ya bugarwa, ba a kuma jiƙa hatsi a samo shi. Kalmar alkohol a bakin masana sunan babban dangi ne na sinadarai, abin da ke cikin giya ɗaya ne kawai daga cikinsu. Wannan bayanin ki kai wa malaminki in kina son fatawa.

Tambaya: Ina digiri na biyu a fannin kimiyyar haɗa sinadarai. Malamina ya ba ni aiki a kan siririyar yanar da sinadaran maiƙo ke yi a saman ruwa. Kuɗina kaɗan ne. In sayi sitiyarik na kasuwa in tara kuɗin na'ura, ko yaya? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena, shawarar da na ba Hajiya a sama, kai akasinta za ka yi. Kai ne mai kwalba. Ka sayi wanda tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin 100, kuma kada tsadar ta firgita ka, ka zauna ka yi lissafi. Ƙwayar sitiyarik ɗaya, in ta tsaya a kan ruwa kai a ƙasa jela a sama, wurin da take ci bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da wannan, miligiram ɗaya zai rufe kusan rabin murabba'in mita, giram ɗaya kuma ya haura murabba'in mita 400. Kwalbar giram 5 za ta kai ka ƙarshen karatunka har ka bar wa na baya. In ka yi aiki da na buhu, sakamakon gaurayen abu biyu za ka auna kana kiransa da sunan ɗaya, kuma mai jarraba ka zai gane da kallo ɗaya.

Wannan fanni da ƙaramin kaya aka gina shi, ina so ka riƙe haka. Benjamin Franklin cokalin shayi ɗaya na mai ya zuba a tafkin Clapham da ke Landan, ya ga ya kwantar da ruwa wajen rabin eka, aka buga labarin a 1774. A 1890 Lord Rayleigh ya auna kaurin yanar man zaitun ya samu nanomita 1.6. Wadda ta fi burge ni ita ce Agnes Pockels ta garin Braunschweig a Jamus. Ba ta samu shiga jami'a ba, tana gida tana jinyar iyayenta, ruwan wanke-wanke ya ja hankalinta. Da kwamin kwano, da ɗan sillen ƙarfe da take share saman ruwa, da maɓalli rataye a sikeli ta yi awonta. Ta rubuta wa Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa aka buga a mujallar Nature a 1891. Dabararta ta share saman ruwa kafin a fara awo ita ce har gobe ake bi. A kanta Irving Langmuir na kamfanin General Electric a Amurka ya ɗora aikinsa na 1917, wanda ya nuna yanar kaurin ƙwaya ɗaya ce tak, ya kuma samu kyautar Nobel a 1932. Abokiyar aikinsa Katharine Blodgett ta gano yadda ake tsoma gilashi a ciro, yana ta hau kan yana, har a 1938 ta jera hawa 44 na gishirin bariyom na sitiyarik ta samu gilashin da ba ya ƙyalli.

Don haka kuɗinka ya fara tafiya wajen ruwa. Ruwan leda ko na famfo ba ya wannan aikin, ko ruwan batir ban yarda da shi ba. Ana son tsarkakakken ruwa mai awon 18.2 a ma'aunin megohm (awon yadda ruwa ke hana lantarki wucewa), wanda ƙarfin samansa ke wajen milinyutan 72 a kowace mita a zafin ɗaki. Sai tsarkakakken kulorofom ko hekzen na narkarwa, da sirinjin gilashi mai auna mikrolita, da kwalaben gilashi, domin roba tana zubar da nata maiƙon cikin kulorofom. Kulorofom guba ne, ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe iska. Maiƙon yatsa ɗaya ko ragowar omo a jikin kwano ya isa ya ɓata aikin yini. Ƙurar hunturu da girgizar janareta su ma abokan gaba ne; ka yi wa kwamin akwatin rufi, ka ɗora shi a tebur mai nauyi.

Game da wane sinadari, kada ka sauka ƙasa da kabon 16, gajerun jela irin su lorik suna narkewa su shige cikin ruwa. Sitiyarik ya isa farawa. In za ka jera hawa a kan gilashi, arakidik mai kabon 20 ya fi tsayuwa, behenik mai 22 ma haka. Na farkon daga sunan gyaɗa na kimiyya aka raɗa masa suna, na biyun daga man irin zogale. Tsofaffin takardu da yawa da gishirin kadmiyom suka yi aiki. Ka guje shi, mugun dafi ne, kalsiyom zai yi maka.

Na'urar kuwa, kwamin Langmuir na zamani irin na kamfanin KSV NIMA ko Kibron, ba kayan aljihun ɗalibi ba ne, kuma ban ba ka shawarar cin bashi a kansa ba. Malaminka ya rubuta wa sashen da ke da shi, ka je da kwalbarka da tsarin aikinka ka yi mako biyu. Kafin nan, da farantin gilashi da ɗigon sitiyarik a hekzen za ka iya ƙirga ɗigon da ya rufe saman ruwa ka fitar da girman ƙwaya. Ranar da amsarka ta riƙa dawowa iri ɗaya sau biyar a jere, hannunka ya yi tsabtar da za a ba ka na'ura.

Tambaya: Ina noman rani, ina da tafkin da nake tara ruwa, rana tana shanye shi. An yi mini tallan wani gari da ake barbaɗawa a saman ruwa ya hana shi ƙafewa. Gaskiya ne? Daga wani manomi.

Amsa: Malam, akwai gaskiya a ciki, amma kada ka kai kuɗinka tukuna. Irin wannan gari yawanci setil alkohol ne ko ɗan'uwansa mai kabon 18. Yana bazuwa ya yi yanar da ido ba ya gani, ta rage tururin da ke tashi. A lissafi, giram 20 ya isa rufe kadada ɗaya, kuma duk milimita ɗaya da ruwa ya sauka a kadada lita 10,000 ce ta tafi, ka ga dalilin da masana suka daɗe suna kwaɗayin abin. An gwada shi sosai a Ostareliya tun shekarun 1950. A ɗaki, inda ba iska, yana aiki ƙwarai. Amma da aka gwada a tafkin Hefner na jihar Oklahoma a Amurka a 1958, abin da aka tsira da shi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Iska ce ke tattare yanar ta kai ta gaɓa, ƙananan halittun ruwa kuma suna cinye ta cikin 'yan kwanaki, dole a yi ta ƙarawa. Mu kuma lokacin da muka fi buƙatar ruwan shi ne lokacin iskar hunturu da guguwar bazara.

Da ni ne, yashe tafkin zan yi ya ƙara zurfi, domin ruwa ta sama yake tafiya, mai zurfi da ƙaramin baki ya fi faffaɗa daɗewa. In shuka itatuwan kare iska nesa kaɗan da gaɓa, in kuma duba ko ta ƙasa yake tsiyayewa. In mai tallan ya matsa, ka cika baho biyu iri ɗaya, ka ajiye a fili, ka sa garin a ɗaya, ka auna da sanda kullum har mako biyu. Kada kuma ka zuba man girki ko baƙin mai a madadinsa, yana mai kauri ce za ta hana kifi iska.

Tambaya: Man gyaɗan da na saya yana yin barci da sanyi. Ya lalace ne, ko an cuce ni? Daga wata uwargida.

Amsa: Uwargida, bai lalace ba, ki ɗora galan ɗin a ruwan ɗumi zai farka. Amma mai yiwuwa ba na gyaɗa zalla ba ne. Yawancin farin man da ake kira man gyaɗa a kasuwa tataccen manja ne, wanda falmitik ɗinsa ke kai wajen kashi 40 cikin 100, shi ya sa sanyin asuba kaɗan ke daskarar da shi. Na gyaɗa na gaske ya fi shi jure sanyi, sai a firij yake yin gajimare ya yi kauri. Dukansu ana ci, illar kawai a sayar miki da wannan a farashin wancan. Ki karanta abin da aka rubuta a jikin galan, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In na awo kike saya, ki je wajen masu ƙuli da kika sani, ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki murza, ƙamshin soyayyar gyaɗa zai fito.