Tambaya da Amsa: Na'urar awon hanya tana hana haihuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni lebura ne a shantiyen hanya kusa da Marwa a Kamaru, ni ke ɗaukar wa mutumin labo wannan na'ura mai ruwan ɗorawa da ake dasawa a ƙasa bayan kompakta, wato motar daka ƙasa, ya wuce. Abokai sun ce wai tana kashe maniyyi, ga shi ban daɗe da aure ba. Wani lokacin ma kan akwatinta nake zama in sha shayi. (Wani mai karatu daga Marwa)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a auren. Da farko dai tashi daga kan akwatin nan, ba benci ba ne. Na'urar na da sinadarai biyu masu fitar da radiyeshan (haske marar ganuwa da ke cutar da jiki in ya yi yawa), siziyom-137 a bakin sandar da ke shiga ƙasa, shi ke auna ko ƙasar ta daku, sai amerisiyom-241 da beriliyom a cikinta masu auna damshi. Kashe makunni ba ya hana su aiki, siziyom sai ya yi wajen shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu rabi.

Maganar abokanka kuwa sun zuzuta. Sinadarin kaɗan ne kuma a rufe yake cikin ƙarfe, mai aiki bisa ƙa'ida ba ya ko kusantar iyakar milisibat (ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha) 20 da aka sa wa ma'aikata a shekara, balle abin da zai taɓa haihuwa. In an danna awo ka ja baya, duk sanda ka ninka tazara abin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kar ka taɓa bakin sandar ko da laka ta manne, a tabbatar an ja ta sama ta kulle kafin a ɗaga, a mota kuma akwatin baya yake zama a ɗaure da kwaɗo, ba kabin ba. Ka tambayi shef ɗinka dozimeta, ɗan bajon da ake maƙalawa a riga, a gaskiya ma bai kamata wanda bai samu horo ba ya riƙa ɗaukarta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a bar ta a ƙasa a tafi salla kompakta ko kamiyo (babbar mota) ya taka ta. In haka ta faru kowa ya ja baya aƙalla mita 5, motar ma ta tsaya nan, kar wanda ya tsinci ɓaraguzai, a kira mai kula da ita ya sanar da hukumar radiyeshan a Yawunde. Abin tsoro na biyu shi ne a sace ta a fasa. A Goyaniya ta Barazil a 1987 'yan gwangwan suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti mai siziyom, mutum 4 suka mutu, duk da dai waccan ta fi taku ƙarfi nesa ba kusa ba.